Hasken da Na Ara a Alƙahira

Tun da na dawo daga Masar tabarmar ɗakina ba ta huta ba. Wannan ta shigo, "Inna Kulu, yaya ƙasar Larabawa?" Waccan ta shigo, "Da gaske yanzu da kanki kike zura zare a allura?" Na faɗa har muryata ta dushe, kuma na lura kowacce in ta fita sai ta ƙara nata gishirin. Jiya a kasuwar kifi har an ce wai aljani ne ya yi mini aikin ido. Shi ya sa na ce Rabi, 'yata da muka yi tafiyar tare, ta ɗauko biro ta zauna. Ni ban shiga aji ba, amma ba a taɓa gyara mini zance ba. Abin da na faɗa shi za ta rubuta.

Wanda bai san ni ba sai na fara masa daga ruwa. Ni haifaffiyar gungu ce, wato tsibiri a tsakiyar kogin Kwara, kudu da Yawuri. A can aka binne mahaifiyata, gindin wata tsamiya. Ina amarya aka gama dam ɗin Kainji, aka kwashe mu zuwa gidajen siminti a tudu, aka ce masu rai ne kawai ke da wuri a mota. Ruwan bai zo da gudu ba. A hankali ya riƙa hawa, kamar baƙon da ya san gidan zai zama nasa. Ranar da na koma a kwalekwale, kan tsamiyar kaɗai ya rage, tsuntsaye na kewaya shi sun rasa wurin sauka.

Da aka kawo lantarki garin, wani ma'aikaci ya nuna mana ƙwan fitila yana washe baki, ya ce, "Kun ga koginku nan a ciki." Ni kuwa sai na ja mayafi na rufe fuska. Ruwan da ya kwanta a kan Innata shi ne ya bi ta cikin injin ya zama wannan hasken, ni kuma in zauna a ƙarƙashinsa ina tsintar shinkafa? Tun ran nan wayar wuta ba ta shiga ɗakina ba, hannuna bai taɓa makunni ba, ban sha ruwan firji ba. Ban hana kowa nasa ba. Malamai sun yi mini wa'azi cewa babu abin da ke cutar da mamaci. Na ce, "Allah gafarta malam, ni ban ce haramun ba ne. Kunya na ce."

To, sai yanar ido ta rufe mini gani. Fari ya fara cin na dama, ya koma na hagu, har na kai ga gane jikokina da murya kawai. Aka kai ni asibiti a Sakkwato. Na tambayi likita fitilar aikinsa daga ina take shan wuta, ya ce ta gari, in an ɗauke su tayar da janareta. Na gaya masa dalilina, ya yi dariya har da buga tebur. Na lalubi sandata na fita. Ni Kulu mai kifi, da manyan dillalai ke cire takalmi a ƙofata, ba yaron da na girme wa uwarsa ne zai yi mini dariya ba.

Autana, Bashir, yana Alƙahira yana karatun addini mai zurfi, da iyalinsa. Shi ya kira ya ce in zo can a yi. Na ce wutarsu fa? Ya ce, "Inna, nan mafi yawa iskar gas suke ƙonawa, ga ta rana, ga ta iska." Na ce to, wannan babu kabarin kowa a ciki. Ku riƙe kalmar nan ta "mafi yawa", ni ban riƙe ta ba.

Hanya ba sai na daɗe a kanta ba, kun san ta. Muka bi ta Jega, muka kwana Sakkwato, da safe muka kama hanyar Kano. Tsakanin Gusau da Funtua direba ya kashe rediyo, duk motar ta yi tsit, wata mata kusa da ni ta riƙe hannuna ba ta san ni ba, ba ta sake ni ba sai da muka ga shingen sojoji. A filin jirgin Kano akwai wani bene mai tafiya da kansa, na ce ba da ni ba, wutar gida ce. Na hau na ƙafa, Rabi na bayana tana ta "Inna, mutane na kallonmu." Na ce su kalla, ni ba na ganinsu.

A bakin shiga Masar aka ce in kalli kyamara. Na tsaya ƙyam na kalli bango, har sai da jami'in ya fito ya juya ni da kafaɗa kamar tulu. Wani kuma ya buɗe jakata ya kwance ƙullin daddawa ya kai hanci. Na ji ya ja da baya har kujera ta faɗi. Na ce Rabi ta gaya masa ƙasar da ba ta san daddawa ba ba ta san miya ba. Ban san abin da ta gaya masa ba, na dai ji yana tari yana cewa, "Ma'alesh ya Hajja, yalla, yalla." Ma'alesh ɗin nan ita ce "yi haƙuri" tasu, kuma da ita suke biyan kowane laifi.

Gidan Auta yana wata unguwa da ake kira Hayyus Sabi'i, inda ɗalibanmu suka yi yawa har za ka ji ana cinikin tumatir da Hausa. Mutanen can ba a ƙasa suke zama ba, a jere suke bisa juna kamar kifi a banda. Mace ba ta sauka sayen burodi, kwando take zurowa da igiya ta taga, mai shago ya zuba mata ta ja. Mai sayar da tukunyar gas ƙarfe yake bugawa tun safe, ran farko na zaci gangamin gobara ne. Abincinsu wake ne da safe, wake da rana, sai wani haɗi da suke ce wa koshari, shinkafa da taliya da wake a kwano ɗaya, kamar an share rumbu. Aka kawo mini wata miya da alfahari wai mulukiya. Na ɗanɗana na ce, "Wannan ai lalo ce, ita muke ba mai jego in babu kuɗin kuɓewa."

Amma fa na sha daɗi, ba zan ɓoye ba. Tunda an ce wutarsu babu kabari a cikinta, na zauna ƙarƙashin fanka na baje. Na sha ruwan sanyi har haƙorana suka yi tsami. Na shiga akwatin nan mai hawa bene da mutane. Makunni ne kawai hannuna ya ƙi, don ya riga ya saba, Rabi ke kunna mini. Lokacin zafi ne, kuma su ma ana ɗauke musu wuta, sai dai su da ƙa'ida, ana sanar da su. Wata rana ta ritsa da mu a cikin akwatin tare da wata Balarabiya riƙe da agwagwa. Matar na kururuwa, agwagwa na kururuwa. Na ce Rabi ta gaya mata mu a wurinmu in an kawo wuta ake ihu, ba in an ɗauke ba.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini. Wanda ido ya bari, kunne ke yi masa aiki. In na zauna kusa da firjin Auta sai in ji wani sauti a ƙarƙashin ƙugin injin, irin wanda ake ji in an kwanta a cikin kwalekwale an manna kunne da katako. Na ce, "Auta, firjin nan naka kukan kogi yake." Ya yi tari ya ce shayi zai sa mana.

Likitan can ya duba ni ya sa rana. Ana jibi aiki na ce na gaji da wake, fura nake so. Auta ya ce akwai Hausawan Sudan da yaƙi ya koro, suna wata unguwa, Ardul Liwa, suna dama wani abu kamar fura da suke kira godo-godo. Muka tsallaka kogin Nilu a mota, muka shiga adaidaitarsu, muka ƙarasa da ƙafa. Lungunan can gidaje sun haɗe kai ta sama, rana tsaka amma ko ɗan farin da nake gani ya ɓace, sai sanyi da warin danshi kamar bakin rijiya.

Mai godo-godon ta ce mu shiga wurin mahaifiyarta mu jira. Sunan tsohuwar Hajja Amna, sa'ata ce, Hausarta ta tsofaffi da ɗan Larabci a ciki. Ɗakinta babu taga. Na ji ta miƙe, na ji tafin hannunta na shafa bango, sai ta yi gyaran murya ta ce, a hankali, yadda ake yi a bakin maƙabarta:

"Assalamu alaikum, ya ma'abota kaburbura. Kun riga mu, muna nan tafe."

Ƙyas. Ta kunna fitila, wani fari ya faɗo a idona.

Na ce, "Hajja, wa ke ɗakin nan bayan mu?"

Ta ce, "Babana ne, 'yar'uwa. Zauna, ba ya hana baƙo zama."

Ta ba ni labari. Mahaifinta mutumin ƙasar Hausa ne, ya taso Makka da ƙafa, guzuri ya ƙare masa a wani gari bakin Nilu, kan iyakar Sudan da Masar, Wadi Halfa. Ya yi dako a tashar jirgin ruwa, ya yi aure, ya rasu, aka binne shi can. Tana yarinya Masarawa suka gina babban dam a Aswan, ruwa ya taru ya koma baya har ya tsallaka iyaka. Aka loda su a jirgin ƙasa. Ta ce mata sun je maƙabarta sun yi sallama kabari kabari, wasu sun ƙulla ƙasa a bakin zane. Ta ce hasumiyar masallaci ta daɗe tsaye a cikin ruwa ita kaɗai kafin ta kwanta.

"Moya ɗin nan," in ji ta, wato ruwa, "sai ya bi ta kan Baba kafin ya faɗa injin. Yanzu da zafi suna sakinsa da yawa saboda manoma, wutar dam ta ƙaru. Lokacin nan Baba ya fi zuwa."

Godo-godon da aka miƙo mini ban kai shi baki ba. Na juya inda nake jin numfashin Auta.

"Bashir." In na kira shi da sunan yanka ya san babu lafiya.

"Inna, ban yi miki ƙarya ba. Mafi yawa na ce."

"Sauran fa?"

Ya shiga bayani kamar mai kare kansa gaban alƙali. Wai a da dam ɗin ne babba, shi ya kai wuta ƙauyukan Masar, amma yanzu mutane sun yi yawa, abin da yake bayarwa kaɗan ne a cikin duka. Wai a cikin wutar da ba a ƙona komai, shi ne babban wa, ta rana da ta iska ƙanne ne masu tasowa. Wai duka a waya ɗaya ake zubawa a sayar, har da maƙwabtan ƙasashe ake musaya. "Cokali ɗaya ne a tukunya, Inna."

"To tsame mini cokalin."

"Ba ya tsamuwa."

"Fitilar likita fa, ta gas ce ko ta mahaifin baiwar Allah nan?"

Ya yi tari, irin na ranar firji.

Na ce, "Ku malaman zamani ba ku ƙarya, sai dai ku yanka gaskiya ku ɓoye kan. Na guje wa kabarin uwata, ka kawo ni ina shan ruwan sanyi a kan na uban wata. Rabi, gobe ki haɗa kaya. Da makantar na zo, da ita zan koma."

Rabi ta fashe da kuka, don likita ya riga ya gaya musu na hagun in aka ƙara jinkiri ba lalle ya gyaru ba. Auta ya durƙusa ya kama ƙafata yana jawo ayoyi. Na janye ƙafata.

Sai Hajja Amna ta yi dariya, wata 'yar busasshiyar dariya. Ta ce wa Auta, "Kai faki," wato malam, "tashi, wannan ba aikin littafi ba ne. Ku ba mu wuri."

Da suka fita ta matso har gwiwarta na taɓa tawa. Ta sa na ba ta labarin gungunmu da tsamiyar. Ƙwan fitila na ƙugi a bisa kanmu.

"Ke kin rufe fuska, ni na yi sallama," in ji ta. "Kowa da irin kunyarsa. Amma Hajja Kulu, ki gaya mini, waɗanda ke ƙarƙashin ruwan nan namu, naki ne?"

"A'a."

"To ina ruwanki da jin kunyar surukan wata? Nawa ne. Ni ce magajiya, 'yan'uwana duk sun bi shi. Kayan mamaci in magaji ya ba ka, ka ci haram?"

"A'a."

"Miƙo hannu."

Na miƙa. Ta kama shi ta ɗaga sama, ta juya tafin wajen fitilar har na ji ɗan ɗuminta. Ba da ni ta yi magana ba.

"Baba, ga 'yar ƙasarku ta zo. Kai da ka ce duk wanda ya zo daga gida a ba shi ruwa ko ba a san shi ba. Na ba ta aron haskenka ta gyara idonta." Ta saki hannuna. "Aro ne fa, 'yar'uwa, ba kyauta ba. In kin gani ki dawo mini da shi."

"Yaya ake mayar da haske?"

"Ke dai ki zo."

Ranar aiki ba su sa ni barci ba, idon kawai suka kashe. Aka kwantar da ni, aka rufe fuskata da ƙyalle aka bar rami ɗaya. Da aka jawo fitilar, wallahi ban ga fitila ba. Ruwa na gani, kore-kore, daga ƙasa nake kallonsa, rana na wasa a samansa, wasu inuwoyi dogaye tsaye kamar dabino. Likita ya ce haka kowa ke gani, ruwan wanke ido ne. Na ji. Ni dai na yi yadda aka koya mini, na ce, "Assalamu alaikum." Likita ya amsa yana dariya, ya zaci da shi nake, ma'aikaciyarsa ta amsa. Ba zan rantse a kan abin da ban gani ba, amma kunnena bai taɓa yaudarata ba, kuma muryoyin da suka amsa sun fi mutanen da ke ɗakin yawa.

Aka yi na hagu, bayan kwanaki aka yi na dama. Abin da na fara gani furfura ce a gemun Auta, wadda ba wanda ya gaya mini ta fito. Na yafe masa saboda ita.

Sai da likita ya yarda in shiga ƙura muka koma Ardul Liwa, na ƙulla wa Hajja Amna sauran daddawata. Na ga lungun da idona, wayoyi sun saƙe sama kamar yanar gizo-gizo. Muka tarar ƙofarta a buɗe, babu tabarma, babu tukunya, babu kowa. Fitila kaɗai ke ci a ɗakin da babu komai.

Maƙwabciyarta, ita ma Bahausar Sudan, ta leƙo ta ce, "Ke ce ta Najeriya? Alhamdu lillahi, mai gidan haya ya ishe mu da faɗa kan fitilar nan." Ta ce Hajja Amna da 'yarta sun bi motocin masu komawa Sudan, ta Aswan, inda ake ɗora mota a jirgin ruwa a tsallaka tafkin zuwa Halfa. 'Yar ta so su dakata a ga yadda yaƙi zai yi, tsohuwa ta ce ita ta gaji da gaisawa daga nesa. "Da za ta fita ta kunna wannan, ta ce kada wanda ya kashe. Ta ce akwai mai zuwa ta mayar da aro, da hannunta."

Auta ya miƙa hannu wajen bango. Na ce, "Kul."

Na sa su suka tsaya a waje. Na shiga ni kaɗai. Ban taɓa ganin fuskar Hajja Amna ba, kuma ga shi ba zan gani ba, sai wurin da bayanta ya goge fenti a bango, da wani baƙin shafi kewaye da makunnin inda hannunta ya saba lalube. Makunnin ɗan ƙarami ne, ya tsage a gefe. Abin da na guje wa tun ina amarya ke nan, bai kai ɗan yatsana ba.

Na ajiye daddawar a ƙasa. Na ɗaga kai na kalli ƙwan sosai, ban rufe fuska ba. Na ce, "Malam, ban san sunanka ba. Na ga 'ya'yana, na gode. Ga kayanka. 'Yarka na hanya, ka tarbe ta." Na sa yatsa inda nata yake sawa, na danna.

Ƙyas. Ɗakin ya yi duhu, amma ƙwan bai mutu ba. Ya rage wani ɗan haske a cikinsa, fari-fari, kamar wata a bayan hazo. Na jira. Bai tafi ba.

Auta ya leƙo ta kafaɗata ya ce da sauri, "Inna, irin ƙwayayen nan masu araha haka suke, in wayar gidan ba ta da kyau sai su riƙe ɗan saura."

Na ce, "Na ji, malam."

Na fita da baya, yadda ake fita daga gaban manya. Na kai bakin ƙofa yana ci. Na taka lungun, na waiwaya, ina hango shi ta ƙofar, shi kaɗai a cikin duhu. Na yi gaba har bakin kwana inda adaidaita ke tsayawa, na sake waiwayawa. Mahaifin Hajja Amna mutumin ƙasarmu ne, ya san ba a sallamar baƙo daga zaune. Na ɗaga hannu na ce, "Rakiyar ta isa haka, koma."

Rabi na nan, ita ke riƙe da biron, ku tambaye ta a wane lokaci ƙwan ya mutu.